Gahawar Tsaye a Unguwar Sanità

Harkar fata ce ta kai ni kudancin Italiya. Akwai wani gari mai suna Solofra a cikin tsaunukan lardin Avellino wanda tun kaka da kakanni jima ce sana'arsa, kuma wasu daga cikin fatun awaki da na tumaki da ake lodawa daga Kano can suke zuwa a ƙarasa gyaransu kafin su zama jaka ko takalmi. Amma ban yi masauki a can ba. A Napoli na sauka, wurin wani dattijo abokin yayana, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya daɗe a birnin har yaren mutanen ya zauna a bakinsa. Alhaji nake ce masa, shi kuma ƙanena yake ce mini.

Ɗakin da yake haya yana unguwar Sanità, arewa da tsohon birni. Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Garibaldi zango ɗaya ne a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Piazza Cavour, sai ka taka ka shiga Via Vergini, inda kasuwa take cin rabin hanya: masu kifi suna ta yayyafa wa kayansu ruwa, masu tumatir da lemon tsami suna kiran ciniki, babura suna kutsawa tsakanin mutane ba tare da kowa ya damu ba. Unguwar a cikin kwari take. A farkon ƙarni na 19, lokacin da Faransawa ke riƙe da sarautar Napoli, an gina wata doguwar gada da ta bi ta samanta domin sarki ya riƙa wucewa fadarsa ta Capodimonte kai tsaye. Daga nan manya suka daina bi ta cikin unguwar, ciniki ya ja baya, aka bar ta da talaucinta da mutanenta. Har yau in kana son saukowa daga kan gadar, lif kake shiga ya sauko da kai kusa da babban cocin unguwar, kamar mai sauka rijiya.

Shagon gahawar da nake son ba da labarinsa yana cikin wani lungu da bai fi tafiyar minti biyu ba daga ƙofar Alhaji. A saman ƙofarsa an rubuta Bar da manyan haruffa, shi ya sa da farko na ja tunga. Alhaji ya kama hannuna ya ce, “Shigo ƙanena, ba abin da kake zato ba ne. Nan kowa yake karyawa.” A Italiya irin waɗannan shaguna sun haura 100,000, kuma abin da suka fi sayarwa daga asuba har azahar shi ne gahawa.

Faɗinsa bai wuce na shagon tela ba. Doguwar kanta ta ƙarfe mai ƙyalli ta cinye gefe guda, bayanta madubi da kwalabe, a tsakiya injin gahawa mai hannuwa uku a miƙe sama. Kusa da ƙofa wata dattijuwa, matar mai shagon, tana zaune a bayan akwatin kuɗi. A bango akwai hoton waliyyinsu San Gennaro, kusa da shi hoton Maradona, kuma in ka lura da kyau za ka ga firam ɗin Maradona ya fi girma. Shi ne ya kawo wa ƙungiyar Napoli kofin gasar ƙasar a 1987 da 1990, a zamanin da mutanen arewacin Italiya suke kallon kudu a raine, kuma kofunan da suka sake ci a 2023 da 2025 ba su sa an sauke shi daga bango ba.

Ka'idar wurin a tsare take, ko da yake ba a rubuta ta ko'ina ba. Wurin dattijuwar kake fara zuwa ka biya, ta miƙo maka ɗan rasit, ka kai shi kan kanta ka ajiye, yawanci ka danne shi da ɗan canji na santi goma ko ashirin, wanda shi ne goron mai haɗawa. Alhaji bai ce komai ba sai ya ɗaga yatsu biyu. Ba a cewa espresso a nan, wato sunan da aka san wannan 'yar gahawa mai ƙarfi da shi a waje. In ka ce un caffè an gama magana, don babu wata gahawar da za a yi zaton kana nufi.

Abin da ya fara isowa ruwan sanyi ne a ƙaramin kofin gilashi. Alhaji ya ce in sha shi tukuna, don wanke baki ne kafin gahawa ta zo. Wanda ya sha bayanta kuwa kamar ya ce wa mai haɗawa abin da ya ba shi bai yi ba, yana neman kawar da ɗanɗanonsa. Sannan mai haɗawar, wani magidanci mai furfura a gefen kai da farar riga da ta sha guga, ya sa ɗan awartaki ya tsamo finjali biyu daga cikin ruwan zafi. Finjalin mai kauri ne, kuma da zafinsa ake ba ka shi, har yana iya ƙona leɓe. Dalilin a fili yake: abin da za a zuba bai fi cokali biyu na cin abinci ba, in ya sauka a cikin sanyi nan take ya mutu.

Ya niƙa gahawar a lokacin, ya cika ɗan ludayin injin, ya danna, ya ɗaura, sannan ya kama ɗaya daga cikin hannuwan nan ya janyo shi ƙasa da ƙarfin kafaɗa. Ya ɗan dakata. Da ya saki, hannun ya fara komawa sama a hankali da kansa, wani baƙin ruwa mai kauri ya soma zubowa siriri. Kafin a ƙirga talatin an gama. A samansa wani kumfa ne mai launin ƙasa-ƙasa, mai kaurin da sukari yake ɗan tsayawa a kai kafin ya nutse. A wasu shagunan Napoli da sukarin a ciki ake miƙo maka, sai in ka riga ka ce amaro, wato kana son ta da ɗacinta.

Na kurɓa. Ɗaci ne mai nauyi, irin na abin da aka gasa har ya kusa ƙonewa, sai wani gardi ya biyo baya ya zauna a harshe ya ƙi tafiya. Mutanen Napoli sun fi na arewa son gasa waken gahawa ya yi baƙi, kuma suna yawan haɗa irin da ake kira robusta a ciki, wanda ya fi arabika ɗaci da ƙarfi. Kurɓa biyu zuwa uku, finjali ya ƙare. Na juya in nemi wurin zama, na ga Alhaji har ya kai bakin ƙofa.

Wannan injin mai hannu ya ɗauki hankalina, don a Roma da na ratsa, maɓalli kawai na ga ana dannawa. Asalin abin daga arewa ya fito. Wani mutumin Turin, Angelo Moriondo, ya yi rajistar injin dafa gahawa da tururi a 1884, Luigi Bezzera na Milan ya gyara shi a 1901 yadda zai riƙa fitar da finjali ɗaya-ɗaya ga duk wanda ya nema. Sai dai tururi yana ƙona gahawa, kuma ƙarfinsa kaɗan ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne Achille Gaggia ya fito da wannan dabara ta hannu: in an janyo shi ƙasa yana matse wani ƙaƙƙarfan sifirin, in an saki sifirin ɗin ya tura ruwan zafi ta cikin garin gahawa da ƙarfin da tururi ba zai iya ba. Wannan matsin ne ya haifi kumfar da yanzu ake auna kyawun gahawa da ita. A 1961 kamfanin Faema ya kawo inji mai famfon lantarki, kusan duk ƙasar ta koma kansa. Napoli ta ƙi. Da na sa Alhaji ya tambayi mai haɗawar dalili, ya ɗaga kafaɗa ya ce famfo bai san ranar da iska take da laima ba, hannunsa ya sani. Ya ce in gari ya yi danshi sai ya canza laushin niƙa tun da safe, wani lokaci ya sake canzawa da rana. Ko gaskiya ce zalla ko da ɗan kurin mai sana'a a ciki, na ga dai kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu.

Abin mamaki, duk wannan alfahari a kan amfanin gonar da ba a nomawa a ƙasar ake yinsa. Asalin itacen daga Habasha yake, a Yaman aka fara noma shi don sha, 'yan kasuwar birnin Benis (Venice) masu hulɗa da Turkawa suka shigo da shi Italiya. Shagon Florian da ke can Benis tun 1720 yake buɗe. Waken da ake niƙawa a Sanità daga Burazil da Biyetnam da Indiya da Yuganda yake zuwa a buhuna. Abin da Italiya ta sa a ciki shi ne gashi da inji da ladabin sha, kuma da waɗannan ukun ta mallake sunan abin a duniya, manomin kuwa ba a ko tuna shi. Ni da na zo da fata na san irin wannan ciniki, don in jakar ta fito ba sunan Kano ake bugawa a jikinta ba.

Kullum da safe sai mun leƙa kafin in kama hanyar Solofra, sannu a hankali na fara gane fuskoki. Akwai mai kifi da ke shigowa da takalmin roba yana ɗigar ruwa. Akwai wani lauya mai kwat da jakar takardu. Akwai 'yan shara biyu cikin rigar aiki, da wata malamar makaranta da kullum take cikin sauri, da wani tsoho mai sanda wanda ba ya gaisawa da kowa sai ya sha. Dukansu kafaɗa da kafaɗa a jikin kanta ɗaya, finjali iri ɗaya, kuɗi ɗaya. Mai haɗawar ba ya tambayar kowa abin da yake so. Da ya hango mutum a ƙofa hannunsa ya riga ya kai inda ya dace: wannan da ɗigon madara, wancan a kofin gilashi, malamar ba sukari. Duk wanda ya sa kwat dottò yake ce masa, wato dakta, ko da bai taɓa shiga jami'a ba.

Dole mutumin Kano ya tuna teburin mai shayi, don a nan ma wurin jin labarin unguwa ne, wurin musun ƙwallo da zagin gwamnati. Bambancin shi ne mu zama muke yi. Mai shayi yana da benci, kuma wanda ya sha kofi ɗaya yana iya kai wa sha biyun dare ana hira ba wanda zai ce ya tashi. A nan ba wanda yake wuce minti biyar. Da farko na ɗauka rashin sakin jiki ne irin na Turawa. Da na ƙara lura sai na ga mutum ɗaya yana dawowa sau uku ko huɗu a yini: da sassafe, da hantsi, bayan abincin rana, wani har da la'asar. Hirar da aka yanke da safe a kan mai tsaron gidan Napoli, da hantsi za a ɗauko ta daga inda aka tsaya. Zumuncinsu gutsure-gutsure ne, amma ba ya yankewa, kuma in aka haɗa gutsattsarin na shekara talatin, ba ƙaramin sani ba ne. Ranar da tsohon nan mai sanda bai zo ba har ƙarfe tara, dattijuwar ta aiki yaron shagon ya je ya buga masa ƙofa. Mura ce ta kwantar da shi. Aka kai masa tasa har gado.

Tsayuwar tana da nata dalili na kuɗi. Farashi biyu ne a kusan kowane shago: na kanta da na tebur. A tsaye yuro ɗaya ne ko da 'yan santi a kai, amma in ka zauna aka kawo maka, musamman a manyan dandali, sai ya ninka sau biyu ko uku ko fiye. Shagonmu tebur biyu kacal gare shi a waje, kuma tsofaffi masu karta sun riga sun gaje su. Mutanen ƙasar suna kallon gahawar kanta kamar haƙƙi ne, ba kayan marmari ba, abin da bai kamata ya gagari lebura ba. Shi ya sa Starbucks, kamfanin shagunan gahawa na Amurka da ya cika biranen duniya, bai buɗe shagonsa na farko a Italiya ba sai 2018, a Milan.

Akwai kuma maganar lokaci. Cappuccino, wato gahawa da madara mai kumfa, abin karin kumallo ne, ana haɗa shi da wani burodi mai zaƙi da suke kira cornetto. Bayan ƙarfe sha ɗaya da wuya ka ga ɗan gari ya nema, bayan cin abinci kuwa sam, don sun yi imani madara tana hana abinci narkewa. Wata rana da azahar wasu baƙi biyu masu jakar goyo suka shigo suka nema. Mai haɗawar ya yi musu ba tare da ya ce uffan ba, ya ma zana musu ɗan ganye a kan kumfar, amma da suka juya baya ya kalli mai kifi, mai kifi ya kalli silin.

Ga Musulmin da zai shiga irin wannan wuri, akwai abubuwan da Alhaji ya ja kunnena a kai tun ranar farko, kuma sun cancanci a faɗa. Cikin akwatin gilashin da ke kan kanta akwai kayan zaƙin da Napoli take taƙama da su. Wanda ya fi jan ido shi ne sfogliatella, mai siffar ƙwaryar kifin teku, ɓawonsa falle-falle yana ƙaras-ƙaras, cikinsa cuku mai laushi da ɓawon lemo. A girkin gargajiya da kitsen alade ake murza ƙullinsa. Sunan kitsen strutto, a bakin 'yan Napoli kuma nzogna, kuma yana shiga har cikin wasu cornetto da zoben biskit ɗin nan mai barkono da ake kira taralli. Shi kuwa babà, wanda yake sheƙi kamar an tsoma shi a zuma, a cikin giyar rum ake jiƙa shi. Haka in ka ji wani ya ce caffè corretto, gahawa ce da aka ɗiga wa barasa. “Ka tambaya kawai, ƙanena,” in ji Alhaji. “Ba sa jin haushi. Su ma suna da masu cewa ba sa cin wannan ba sa cin wancan.” Dattijuwar ta riga ta san shi, da ta gan mu tare sai ta nuna wani tire daban ta ce waɗannan da man shanu aka yi su. Cikin ikon Allah har na bar garin ban ɗanɗana sfogliatella ba, ƙamshinsa kawai na sha.

Ba komai na wurin ne ya burge ni ba. A lungun shagon akwai injin caca mai walƙiya, kuma a wurin biyan kuɗi ana sayar da katin kankarewa na neman sa'a. Na ga wata mata da ba ta yi kama da mai hali ba tana saye ɗaya bayan ɗaya, tana kankarewa da kwabo, tana jefarwa a kwandon shara. Kuɗin da ta zubar kafin in gama finjalina ya isa gahawar mako guda. Shagon da yake aika yaro ya duba tsoho, shi ne kuma yake cin riba da wannan, kuma ba wanda na ga abin ya dame shi.

Al'adar da aka fi yayatawa game da Napoli ita ce caffè sospeso, gahawar da aka rataye. Mutum ya sha ɗaya ya biya biyu, ta biyun ta zauna jiran duk wanda ya shigo ba shi da ko sisi. Wanda ya biya bai san wanda zai sha ba, wanda ya sha bai san wa zai gode wa ba, ba a ga idon kowa ba balle a ji kunya. Lokacin kullen korona a 2020 wannan tunani ya fito da wata siffa: aka riƙa zuro kwanduna da igiya daga benaye, irin waɗanda matan unguwa suke sayayya da su ba tare da sun sauko ba, da rubutu a jiki cewa mai hali ya saka, marar hali ya ɗauka.

Na je na ga inda aka fi tallata abin, wato Gambrinus, babban shagon da ke kusa da dandalin Plebiscito, wanda aka buɗe a 1860, shekarar da Garibaldi, jagoran yaƙin haɗe Italiya, ya shigo Napoli. Wuri ne na madubai da zanen bango da ma'aikata masu baƙar kwat, shugabannin ƙasar ma sukan leƙa in sun zo gari. Gahawarsu ba laifi. Amma masu biyan sospeso a can yawancinsu baƙi ne irina, suna biya suna ɗaukar hoto, kuma na kasa hango yadda mai yagaggen takalmi zai ratsa wannan ƙofa ya tambaya.

A shagon Sanità ba allo, ba sanarwa, ban ma taɓa jin an furta kalmar ba. Abin da na gani shi ne wani mutum mai tsohuwar rigar sanyi da yake shigowa wajen ƙarfe goma, ya tsaya a ƙarshen kanta, a ba shi ruwansa da finjalinsa da zafinsa kamar kowa, ya sha, ya ce buona giornata, ya fita bai bi ta wurin dattijuwar ba. Na tambayi Alhaji wa yake biya masa. Ya ce wani lokaci lauya, wani lokaci mai kifi, wani lokaci ba kowa. “Ni ma na sha irinta,” ya ce, “shekarar da na zo, ina kwana wajen tasha. Ba a nan ba, a wani shagon. Ban san wanda ya biya ba har yau.”

Wannan ya buɗe bakinsa a kan abin da bai cika son faɗa ba. Ya ce kada in ga ana ce masa zio, wato kawu, in ɗauka haka aka karɓe shi. Ya yi shekaru yana shiga wasu shagunan ana ba shi gahawa a kofin roba alhali na kusa da shi a finjali ake ba su. Ya yi aikin tsinkar tumatir a gonakin wajen gari, ya zauna a Castel Volturno inda 'yan Gana da 'yan Najeriya suke da yawa, kafin ya samu takarda da aikin da ya riƙe shi. A wannan shagon, in ji shi, abin da ya sa ya zama ɗan gida ba wani abu ba ne illa zuwa kullum, lokaci ɗaya, har mai haɗawar ya daina tambayarsa yadda yake so. Ran Juma'a in ya shigo da doguwar riga zai wuce masallacin da ke wajen Piazza Mercato, mai kifi yakan ce ya sa Napoli a addu'a, akwai wasa ran Lahadi. Da azumi kuma, in ya ɓace da rana wata guda, ba sa aika yaro, sun san dalili.

Yaron shagon nan shi ma abin kallo ne. Saurayi ne da bai fi shekara ashirin ba, aikinsa kai gahawa ga waɗanda ba za su iya barin wurin sana'arsu ba: aski, makanike, mai kantin magani, ma'aikatan ofis a hawa na uku. Yana ɗora ƙananan kofuna a tire, kowanne an rufe bakinsa da takardar ƙarfe, ya ratsa babura da hannu ɗaya a sama, gudu-gudu sauri-sauri, don in ta huce ba a karɓa da fara'a. Alhaji ya ce albashin irin waɗannan yara ba ya taka kara ya karya, ɗan canjin da ake ba su ne yake cike giɓin. Mai haɗawar ma da haka ya fara yana yaro, ya yi shekaru yana wanke finjali kafin a bar shi ya taɓa hannun inji.

A gida ba wannan gahawar suke sha ba. Kowane ɗakin girki yana da 'yar tukunyar alminiyam mai kusurwa takwas da ake kira moka, wadda Alfonso Bialetti ya ƙera a 1933. Tsofaffin Napoli kuma suna da tasu da ta girme ta, cuccumella, wadda in ruwa ya tafasa ake kifa ta ƙasa ya koma sama, ruwan ya tsiyaye a hankali. Alhaji yana da moka, amma shayi yake dafawa da dare, mai citta da kanumfari, yana cewa gahawa ta rana ce, ta mutane, shi kaɗai ba ya jin daɗinta.

Ana gobe zan tafi na tarar da musu ya kaure a shagon, kuma ba na ƙwallo ba ne. Mai shagon da kansa ya fito, wani gajeren dattijo da ban cika ganinsa ba, yana riƙe da takardar kamfanin da ke kawo masa gasasshen wake. Fari a Burazil da Biyetnam ya sa farashin gahawa a kasuwar duniya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba a 2024 da farkon 2025, ga kuɗin lantarki, ga haya. Yana so ya ƙara santi goma a kan finjali. Lauya ya ce ya ƙara, kowa ya ƙara, a Milan ma an daɗe da wuce nan. Mai kifi ya buga kanta ya ce shi sau huɗu yake sha a rana, a yi masa lissafin wata, sannan a gaya masa ko shi ma ya ƙara a kan kifi. Malamar makaranta ta ce in dai za a ƙara, to a ƙara wa yaron albashi. Matar mai shagon ba ta ɗago daga akwatin kuɗinta ba ta ce shagon da ke bakin kasuwa bai ƙara ba, kuma taku hamsin ne tsakani.

Alhaji yana fassara mini yana dariya, har mai shagon ya juyo kansa ya ce, to kai zio me ka ce? Alhaji ya ce shi baƙo gare shi, ba ya shiga rigimar gida a gaban baƙo. Aka yi dariya, mai shagon ya ninke takardarsa ya sa a aljihu ya ce za a sake magana bayan Kirsimeti. Dattijuwar ta karɓi kuɗinmu a tsohon farashi, muka fita neman motar Avellino.